Ranar Da Na Je Makokin Karnuka

Ku da kuka dame ni da tambayar ina aka kwana a maganar aurena, ku gyara zama. Wadda ke cin abinci ta ture kwanon gefe tukuna, don abin da zan ba ku yau ba ya tafiya da loma.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: sunana Ok Yesol, shekarata ashirin da bakwai, kuma bana ne karo na biyu da zan zauna jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Bara na faɗi. Omma, wato mahaifiyata, takan ce wa ƙawayenta saura ƙiris na ci, kamar ana ba da lambar yabo ta ƙiris. Ina zaune a unguwar Sillim ta birnin Seoul, cikin irin ɗakunan nan na 'yan jarrabawa da in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango da bango. Gado, tebur, taga mai kallon bangon maƙwabta, sai ni da littattafai da ƙurajen da suka mai da haɓata gidansu.

Shi kuma sunansa Ma Taegon, shekara talatin da biyu, yana bincike a wani kamfanin haɗa magunguna a bayan Seoul. Ƙanwar Omma ce ta haɗa mu a wani gidan shayi cikin sanyin da ya wuce. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Farcensa a yanke tsaf, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, in muna tafiya shi ke tsayawa ɓangaren motoci. Ranar da mura ta kwantar da ni ya aiko da faten shinkafa mai zafi har ƙofar ɗaki, bai ma nemi ya shigo ba. Tun a wata na biyu na daina kiransa da cikakken suna na koma Oppa, yadda mace kan kira yayanta ko masoyinta, kuma duk macen garin nan ta san abin da wannan ke nufi.

Abin da ya rage shi ne zaman iyaye, ranar da nawa da nasa za su haɗu a kan tebur guda a tsayar da magana. In aka yi wannan zaman an gama, sai dai a fara neman ɗakin biki. Omma ta matsa a yi kafin zafi ya shigo, ni kuma ina ta cewa a bari in gama jarrabawa. Kullum da safe saƙonta ke tashina kafin ƙararrawa. Hoton fure da "barka da asuba", sai a ƙasa: "Yesol-a, uwarsa ta sake tambaya. Namiji irin wannan ba ya daɗewa a kasuwa." Na ce mata zan ba ta amsa ranar Lahadi in na zo cin abincin rana, kuma a raina amsar e ce.

To ga yadda abin ya fara lalacewa. A jarrabawarmu akwai sashen tunani da hujja, inda ake ba ka ƙa'idoji a ce ka ɗora su a kan wani lamari. Nan ne kullum nake zubar da maki. Wata Asabar muna zaune a shagon kofi, ni da tarin tambayoyin gwaji, shi da wayarsa, na ci karo da wata tambaya da ta sa na yi tsaki har ta kusa da mu ta waigo.

Ƙa'idoji uku aka bayar. Kada a yi gwaji a kan dabba in akwai wata hanyar samun amsar. Kada a ɗauki dabbobi fiye da buƙata. A rage musu azaba iyakar yadda ba zai ɓata gwajin ba. Sai aka kawo masu bincike biyu. Na farko ya yi aiki da ɓeraye, ya sa musu maganin barci, ba su ji komai ba, sai dai da ya so zai iya samun amsarsa daga tsokar da ake raino a faranti ba tare da ya taɓa ɓera ba. Na biyu ya yi aiki da karnuka babu maganin kashe zafi, saboda maganin zai gurɓata sakamakon, kuma babu wata hanya. Aka ce wane ne ya saɓa ƙa'ida.

Ko numfashi ban ja ba na zaɓi mai karnuka. Na duba bayan littafi, mai ɓeraye ne.

Oppa ya ja littafin gabansa, ya karanta sau ɗaya, ya yi murmushin nan nasa na gefen baki.

"Yesol-a, ba a tambaye ki wa kika fi tausayi ba."

"Amma karnukan sun ji zafi."

"Sun ji. Ƙa'ida ta hana?"

Na ce ba ta hana ba.

"To shi ke nan. Abin da ke kan takarda shi ne duniya. In takarda ta ce babu wata hanya, babu. Ki bar zuciyarki a akwatin ajiya na ƙofar ɗakin jarrabawa tare da wayarki, in kin fito ki ɗauka."

Na yi dariya. Har na rubuta maganar a gefen shafi, kun ji wauta. Kuma abin haushi ta yi aiki, cikin makon nan makina ya tashi yadda bai taɓa ba. Na riƙa kallonsa ina cewa ga mai kwanya, ga hankali, me kuma nake jira.

A wannan Asabar ɗin ce ya ce tunda tambayar ta dame ni, in zo in ga yadda suke girmama dabbobinsu. Duk shekara in furanni sun fito kamfaninsu kan yi zaman makoki na dabbobin da suka mutu a gwaji, kamar yadda yawancin wuraren bincike ke yi. Ya ce kuma shugaban sashensu, Mista Yuk, na son ganina. Da Omma ta ji sai ka ce an gayyace ni fadar shugaban ƙasa. Ta aiko min da baƙin siket da rigar da na sa a jana'izar kakana, an goge su har suna ƙyalli, da 'yan kunnenta na lu'ulu'u a cikin auduga. Saƙo ya biyo baya: "Jan baki kaɗan, ba mai kururuwa ba. Ki rusuna da kyau. Kada ki kawo musu surutun lauyoyi."

Ranar Juma'a da hantsi muka isa. A bayan ginin akwai ɗan lambu da wani dogon dutse da aka sassaƙa wa rubutu. Gabansa tebur da farin ƙyalle, an jera hadaya irin ta mamata, sai dai maimakon shinkafa da kifi an tula abincin kare a kwanon tagulla, karas na zomaye, 'ya'yan kabewa na ɓeraye, tuffa uku da aka yanke wa kai, da ƙoƙon giya. Ma'aikata sun yi layi cikin fararen riguna, kowa da farin fure ɗaya a hannu. Mista Yuk, wani gajere mai tumbi da gashi rinanne baƙi ƙirin, ya kunna turare, ya kai goshi ƙasa sau biyu, ya tashi yana nishi, ya karanta jawabi. Ya ce ya ku ƙananan rayuka, ba ku mutu a banza ba.

In faɗa muku gaskiya, idona ya kawo ruwa a wurin. Na ce ashe dai suna da kunya. Na ga wata a layi tana duba saƙo a ƙarƙashin furenta, na ga mai ɗaukar hoto ya sa Mista Yuk ya maimaita ajiye fure don na farko bai fito da kyau ba, duk na kau da kai. Oppa na gefena, fuskarsa a nutse, ya ajiye furensa da hannu biyu. Na ji ina ƙara sonsa.

Daga nan aka ɗunguma gidan gashin nama, don ba a tashi daga makoki da yunwa. Aka zaunar da ni kusa da Mista Yuk. Oppa na gabansa a durƙushe kan matashi, shi ke juya nama, shi ke yankawa da almakashi, shi ke zuba masa giya da hannu biyu, in zai kurɓi tasa sai ya juya fuska gefe. Ban ga laifin wannan ba, haka aka raine mu duka. Tun ƙoƙo na uku Mista Yuk ya fara kirana matar ƙanena, yana naɗe nama a ganye yana turo min.

Can giya ta kai masa karo, sai ya dafa kafaɗar Oppa ya ce bari ya ba ni labarin irin mijin da zan samu. Ya ce bara a gaban mai kamfani da manyan baƙi ya tashi ya bayyana wani gwaji da sashensa zai yi a kan karnuka ashirin da huɗu, don a san iyakar abin da hanta za ta iya ɗauka na wani sabon magani. Aka tafa masa. Ashe wata ma'aikaciya da ta bar aiki kafin a kawo shi sashen ta riga ta yi wannan gwajin, amsar na nan ajiye a kwamfuta. Shi bai sani ba. Mutum ɗaya ne a ɗakin ya sani, don shi ya taya ta aikin.

"Wannan," in ji shi, yana jijjiga kafaɗar Oppa. "Ko tari bai yi ba. Ba a gaban mutane ba, ba a bayansu ba. Ya bar ni da mutuncina, ya je ya yi aikin daga farko har ƙarshe, amsa ta fito daidai da ta da. Sai daga baya na gano da kaina. Matar ƙanena, yaran yanzu da sun ɗaga hannu a tsakiyar taro sun tsinka ni. Wannan ya san girman na gaba. Mai rufa wa shugabansa asiri zai rufa wa matarsa."

Teburin ya ɗauki dariya da tafi. Wani ya ce a sha don Taegon. Oppa ya sunkuyar da kai yana cewa a'a, a'a, shugaba ya cika yabo, kuma kunnuwansa sun yi ja irin na wanda aka yaba yana jin daɗi.

Naman na bakina lokacin. Na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa. Kitsen da ke ɗiga kan garwashi yana ƙara, hayaƙin na shiga gashina da rigar jana'izar kakana. Na tambayi ta kusa da ni, wata matashiya mai tabarau, me ya sami karnukan. Ta ce waɗanda aka ba maganin da yawa ba su kai mako biyu ba, sauran an ci gaba da lura da su, an kusa rufe aikin. Ta faɗa tana miƙa hannu ga kwanon tafarnuwa. Na tashi na shiga banɗaki na tofar a takarda, na wanke baki har jan bakin Omma ya fita tas. Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba, kuma har da kaina, da na tsaya gaban dutse ina matsar hawaye kamar wadda aka yi hayarta don kuka.

A mota, da muka hau babbar hanya, na juyo gare shi. Na ce masa ina da tambayar gwaji. Ya ce in kawo, har da fara'arsa.

"Mai bincike ya san amsa na nan ajiye, ya ɗauki karnuka ashirin da huɗu. Akwai wata hanya ko babu?"

Ya sa sigina, ya canza layi.

"A takardar da muka kai wa kwamiti, babu."

"Wa ya rubuta takardar?"

"Ni. Shugaba ya sa hannu."

"Oppa, ko a asirce ba ka iya gaya masa ba? Ku biyu, a ofis, ƙofa a rufe?"

"Ya riga ya faɗa a gaban mai kamfani. In na gaya masa dole ya janye, in ya janye kowa ya san dalili. Da yanzu ina wani reshe a ƙauye ina ƙirga kwalaye. Kina jin Omma za ta ba mai ƙirga kwalaye 'yarta?"

Abin da ya fi tayar min da zuciya shi ne bai ji haushi ba. Muryar nan dai da ba ta hawa ba ta sauka, wadda nake yi wa kallon natsuwa. Ya ƙara da cewa duk an bi ƙa'ida wajen kula da su, kuma ai shi ya sa ake zaman makokin. Ya ce in na fara aiki zan gane, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce ya sauke ni a tashar jirgin ƙasa ta gaba. Ya sauke ni, har da fitowa ya buɗe min ƙofa.

Ranar Asabar na buɗe littafi na kasa karatu. Na ga rubutuna a gefen shafi, na bi shi da biro har takardar ta huje. Saƙonninsa na shigowa ɗaya bayan ɗaya, a tsare kamar shi. "Kin ci abinci?" "Na gane abin ya taɓa ki." "Zan gyara." Ban buɗe ba, daga saman waya nake leƙawa. Na tura wa Seulbi, ƙawata ta rukunin karatu, duk abin da ya faru. Ta amsa da cewa: "Ke kin haɗu da salihin mugu. Kyan ɗan maciji. Ki gudu, amma ki fara kwafe dabarunsa na jarrabawa." Na tura mata hoton dundu, amma ta faɗi abin da ke raina. Na tsara maganar da zan yi wa Omma, na maimaita ta a gaban madubin banɗaki har ta zauna: ba zan yi zaman iyaye ba, ba yanzu ba, ba bayan jarrabawa ba.

Lahadi na sa wando da tsohuwar rigar makaranta, ko hoda ban shafa ba, don kada a ɗauka da labari mai daɗi na zo. Gidanmu na hawa na tara. Ina buɗe ƙofa ƙamshin miyar ciyawar teku da haƙarƙarin da Omma ba ta dafawa sai ranar biki ya tare ni. A bakin ƙofa, kusa da silifas ɗin Appa, wato mahaifina, ga baƙin takalmi an goge shi an juyar da kansa waje. Na san takalmin.

Oppa na zaune a ƙasa a falo, ƙafafu a naɗe, Appa na kan kujera da jarida yana yi kamar ba ya nan. Omma ta fito daga kicin ɗaure da ƙyallen girki mai furanni, fuskarta kamar an ba ta kyautar gida.

"Yesol-a, zo ki ga abin da surukina ya kawo miki."

Surukina. Ban ma ce komai ba tukuna.

A ƙarƙashin teburin shayi na gan shi. Ƙaramin kare ne mai dogayen kunnuwa, fari da ruwan ƙasa, ya manne da ƙafar tebur yana rawar jiki. Tafin ƙafarsa a baje, jajir, irin na wanda bai taɓa taka komai ba sai ragar ƙarfe. An aske masa wuri a ƙafar gaba. Da ya juya kai kunnensa ya kife, na ga lambobi a ciki da shuɗin tawada. Ya yi fitsari a kan shimfiɗar Omma, ita da ke wanke ƙasan nan da gwiwa kullum, amma ta ce ba komai, baƙunta ce.

Oppa ya ce yana cikin waɗanda ba a ba maganin ba, lafiyarsa lau. Ya ce ya roƙi Mista Yuk da kansa, abin da bai taɓa yi ba, aka ba shi izinin fitar da ɗaya. Ya faɗa yana kallona kamar yaron da ya kawo sakamako mai kyau gida.

Appa ya motsa jarida, karen ya firgita, ya buɗe baki ya yi haushi. Na ga haƙarƙarinsa na bugawa, na ga wuyansa na miƙewa, amma abin da ya fito iska ce kawai, kamar ana hura wuta. Ya sake, iska. Omma ta tafa hannu ta ce ba ta taɓa ganin kare mai ladabi irin wannan ba, maƙwabta ba za su ma san da shi ba. Oppa ya bayyana mata a nutse cewa tun suna ƙanana ake yi musu ɗan aiki a maƙogwaro, saboda hayaniya na damun ma'aikata da sauran dabbobi. Omma ta ce ashe, ilimi kogi ne.

Na dafa bango. Maganar da na haddace a gaban madubi tana nan a bakina, na ji ta, amma abin da ya fito daban.

"Sauran fa?"

"Gobe ake rufe aikin," in ji shi.

Na san abin da rufewa ke nufi, babu karen da zai fita da rai, kuma ya san na sani. Na ce to a bar wannan a nan gidan. Omma ta ce ina, ƙirjin Appa ba ya shiri da gashin dabba, yau ɗin ma don surukinta ne ta daure. Ɗakina na Sillim kuwa ko kifi a kwalba aka gani sai an kore ni. Na ce Seulbi, na ce gidan marayun dabbobi. Oppa ya girgiza kai a hankali, ya ce izinin da sunansa aka bayar, kamfani ba ya yarda dabbarsu ta koma hannun bare, kuma inda yake zaune yanzu masaukin ma'aikata ne. Wuri ɗaya ne ya rage, gidan da iyayensa suka tanada, wanda suka ce ba za su ba da makullinsa ba sai an tsayar da rana.

"Zuwa gobe da safe suka ba ni shi," ya ce. "In ya samu gida, ya zauna. In bai samu ba, sai in mayar."

Har yau ban sani ba ko shirya abin ya yi ko kuwa da gaske a ganinsa gyara ne, kuma ban san wanne ya fi ƙazanta ba. Na zauna a ƙasa. Karen ya ja ciki ya fito daga ƙarƙashin tebur, yana taka shimfiɗar kamar tana ƙona shi, ya shinshina safata, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata ya lumshe ido. Jikinsa na warin maganin asibiti, kuma da ɗumi.

Omma ta goge hannu a ƙyallen girki, ta ɗauko waya, ta nemo lambar uwar Oppa, ta riƙe yatsa a kai.

"To, Yesol-a, me zan ce musu? Zaman iyayen, Asabar ko Lahadi?"